Daga Tafkin Kanwa zuwa Bakin Teku: Tarihin Zaman Baƙunci na Ƴan Biɗa

Gabatarwa

Tsakanin garin Bune, cikin gundumar Gure, da bakin teku akwai tafiyar da ta haura kilomita 1000. Duk da wannan nisa, sunayen Ikko da Kwatano da Lome da Akara da Abijan sanannu ne a bakin manoman ƙasar Damagaram, domin da wuya a samu zuri'ar da ba ta da ɗa ko ƙane a kurmi. Waɗansu sun tafi cin rani sun komo da faɗuwar ruwan farko. Waɗansu kuwa rani ɗaya ya zame musu shekara talatin, har suka yi aure, suka haifi ƴaƴa, aka binne su cikin rairayin da ba na gida ba.

Harshen Faransanci yana da kalmomi biyu da yake kiran wanda ya bar ƙasarsa ya zauna wata: Baturen da ya gina gida a bakin ruwa ana ce masa expatrié, mai gadin ƙofar gidan kuma ana ce masa immigré. Hausa ba ta yi wannan rabo ba, dukansu baƙi ne. Wannan maƙala ta bi sawun baƙo na biyu, wanda tarihinsa ya girmi na farko a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, don a ga yadda ya isa can, da abin da ya riƙe shi, da abin da ya sha tumɓuke shi.

Kanwa ta riga mutum isa kurmi

A watan Disamba na 1852 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da suna Abdul Karim, ya ratsa ƙasar Muniyo a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Ya bi ta Bune, ya ga tafkin kanwa kusa da garin, sannan ya isa Gure inda Muniyoma Koso yake zaune, bayan an ɗauke fada daga Bune. Abin da ya tarar ƙasa ce da ta daɗe cikin harkar fatauci. Kanwa da manda da ake haƙowa a kwarurrukan Muniyo da Manga su ne dukiyarta, kuma kasuwarsu ba ta tsaya nan kusa ba.

Ayarin jakuna da takarkarai kan kai kanwa Kano. Daga nan fatake su ɗauke ta su nufi yamma maso kudu, su ƙetare Kwara, su bi ta Borgu har Salaga a ƙasar Gwanja. Can ake musanya ta da goron da ke fitowa daga dazuzzukan Asante. Mutanen kudu suna bukatar kanwa a miya da magani da taba, mutanen arewa kuma ba su ɗaurin aure ko raɗin suna sai da goro. Tafiya da komowa kan ci watanni da yawa, wani lokaci shekara guda.

A wancan zamani bafatake ba ya ganin teku. Sarakunan Asante sun tsare hanya, ba su barin ƴan arewa su wuce zuwa gaɓa. Abubuwa biyu suka buɗe ƙofar. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan hanyoyin ciniki ya raunana. A 1892 kuma yaƙin basasa ya watsa Salaga, mazauna zangonta suka bazu, waɗansu Kete Karachi, waɗansu Kumasi, waɗansu har Akara. Daga nan goro ya fara bin jirgin ruwa zuwa Ikko, ƴan kasuwa suka bi goro. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana attajirin Kano, yana cikin waɗanda suka yi wannan ciniki ta teku tun suna samari.

Zango, ko yadda baƙo ke samun wurin zama

Asalin ma'anar zango ita ce inda ayari ke sauke kaya ya kwana. Da fatake suka daina tashi, sai kalmar ta koma sunan unguwa, kuma yau akwai zango a kusan kowane babban gari daga Kamaru zuwa Gana. A Akara, Malam Na'ino, mutumin Katsina, ya samu fili daga hannun sarakunan Ga a ƙarshen ƙarni na 19. Ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910, bayan da tsohuwar unguwa ta cika kuma gardama ta yi yawa tsakanin jama'arta. Wannan shi ne tsarin da ya maimaitu ko'ina: ƴan ƙasa su ba da fili, babban baƙo ya raba shi, ya zama shi ke amsa kira idan wani nasa ya yi laifi.

Ginshiƙin zango shi ne mai gida. Shi ke saukar da sabon zuwa, ya ba shi tabarma da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan za a ba shi kaya bashi. Mutanen gabas suna kiran irinsa fatoma, kalmar da Hausa ta aro daga Barbarci, inda fato ke nufin gida. Babu takarda tsakanin mai gida da baƙonsa, amana ce kawai. Wanda ya ci amana labarinsa kan riga shi isa zango na gaba, ya rasa mai saukar da shi. Bayan mai gida akwai liman da makarantar allo, akwai sarkin zango mai sasanta rigima, akwai kuma maƙabarta, wadda sau da yawa ita ce abu na farko da jama'a ke roƙo wurin masu gari.

Zango ya yi wani aiki da ya shafi mutanen Bune kai tsaye. Ɗan Manga da ya taso da Barbarci, da Bafillace, da Buzu, da Bazabarme, idan suka haɗu a bakin teku harshen da ke haɗa su Hausa ce. Masu gari ba su rarrabe su, duk Hausawa suke ce musu. Da haka Hausa ta samu masu magana da ita waɗanda kakanninsu ba su taɓa jin ta ba, kuma da haka jikokin Barebari da yawa a Akara da Lome suka tashi ba su san kalma ɗaya ta harshen kakansu ba.

Zamanin Nasara: lanho, aikin tilas da jirgin ƙasa

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka mai da ita hedikwatar yankin daga 1911 har 1926, lokacin da aka koma Yamai. Iyakar da suka shata tare da Ingilishi ta raba ƙasar Barno da ƙasar Hausa gida biyu, ta bar Muniyo a hannun Faransa, kasuwanninta na kudu kuma a hannun Ingila. Mulkin ya zo da lanho, wato harajin kai, wanda dole a biya shi da kuɗi. Ya zo da aikin tilas na hanyoyi da gine-gine, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. A kan waɗannan aka ƙara yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba. Saurayin da gero bai ishe shi ba, ga kuma gardi na neman kuɗin lanho, ba shi da zaɓi sai ya nufi inda ake biyan lada da tsaba.

Hanya kuwa ta sauƙaƙa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Nguru a 1930, kusa da iyakar ƙasar Manga. Kanwar da a da take wata da watanni a bayan jaki ta koma isa Ikko cikin kwanaki, kuma mutane suka hau tare da ita. Wannan ne ya sa ƴan gabashin Nijar suka fi karkata ga Nijeriya, suka sauka a unguwanni irin su Agege da Idi Araba, yayin da Zabarmawa da Adarawa suka fi nufar Gwal Kos, daga baya kuma Kodibuwa. Akwai abin mamaki game da hanyar Abijan: layin dogon da Faransawa suka sa wa suna Abijan-Nijar ya isa Bobo a 1934, ya isa Wagadugu a 1954, amma bai taɓa taka ƙasar da aka ambata cikin sunansa ba. Ƴan biɗa sukan cika sauran tafiyar da mota ko da ƙafa.

Finafinan Jean Rouch sun adana kamannin wannan zamani. Jaguar, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950, ya bi samari uku daga bakin kogin Kwara har Akara da Kumasi. Moi, un Noir na 1958 ya nuna rayuwar ƴan Nijar a unguwar Treichville ta Abijan, suna dako a tashar jiragen ruwa ranakun aiki, suna zuwa bakin teku ƙarshen mako da aljihu wayam. Jarumin fim ɗin, Umaru Ganda, tsohon soja ne da ya yi yaƙin Indoshin. Ya komo gida ya zama mai shirya fim, kuma shi ya fara cin babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972.

Basam: gari mai baƙi iri biyu

Garin Grand-Bassam, wanda ake taƙaitawa Basam, yana wajen kilomita 40 gabas da Abijan, a kan wani siririn tudun rairayi tsakanin teku da tafki. Shi ne babban birnin farko na mulkin Faransa a Kodibuwa tun daga 1893. Annobar shawara ta 1899 ta kashe Turawa da yawa, aka ɗauke gwamnati zuwa Bingerville a 1900. Ciniki ya ci gaba da riƙe garin na ɗan lokaci, amma da aka haƙa mashigin Vridi a 1950 aka buɗe tashar Abijan a 1951, jiragen ruwa suka daina tsayawa Basam. Manyan gidajen kamfanoni suka zama kufai.

Abin da ya farfaɗo da garin shi ne shaƙatawa. A shekarun da koko da kofi suka yi daraja, Faransawa masu aiki a Abijan sun yi yawa fiye da zamanin mulkin mallaka, ga Labanawa, ga manyan ma'aikatan ƙasa. Ranar Asabar da Lahadi sai su kwararo Basam da Asini. Aka gina otal-otal da rumfunan ganyen kwakwa, waɗansu Turawa suka sayi fili suka zauna dindindin bayan sun bar aiki. A 2012 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin kayan tarihin duniya.

Kowane gida na bakin ruwa yana bukatar mai gadi, kowace rumfa tana bukatar mai gasa nama, kowane ɗan yawon buɗe ido yana son tsarabar da zai koma da ita. A nan ɗan arewa ya samu gurbi. Cinikin sassaƙe-sassaƙe da kayan gargajiya a Kodibuwa ya daɗe a hannun Hausawa da Wolof. Suna shiga ƙauyuka su saye, su tara a ɗakunan ajiya na Treichville, su baza a kasuwar Plateau da ƙofofin otal da bakin hanyar Basam. Wani fim na 1992 mai suna In and Out of Africa ya bi ɗaya daga cikinsu, Gabai Baare, ɗan Nijar, daga karkarar Kodibuwa har Amurka. Sana'ar tana da nata ilimi: sanin abin da Bature ke kira tsohon kaya, da sanin yadda ake yi masa ciniki. Dillalin yakan kasance musulmi mai salla biyar da ba ya ajiye gunki a ɗakin kwanansa, a wurinsa itace ne kawai da ake ci da iyali da shi.

Baƙin biyu suna kwana cikin shinge ɗaya, amma zamansu ba ɗaya ba ne. Na farko ya zo da fasfo mai ƙarfi, da kuɗin da darajarsu ta ninka a dare ɗaya lokacin da aka karya sefa a Janairun 1994, da ofishin jakadancin da zai kwashe shi idan gari ya rikice. Na biyu jarinsa mai gida ne da ƴan garinsu. Abincinsa kuma yana rataye da zuwan na farko. An ga haka bayan 19 ga Satumba 2002, da yaƙi ya raba Kodibuwa biyu, otal-otal suka zama wayam. An sake gani bayan 13 ga Maris 2016, ranar da ƴan bindiga suka buɗe wuta a bakin ruwan Basam suka kashe mutum 19. Bayan jinin da aka zubar, masu talla sun yi watanni suna jiran masu saye, kuma ɗan arewa mai rawani ya ƙara shan kallon zargi a kan laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ranar da aka ce a tashi

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Tarihin gaɓar teku ya gaskata maganar sau da yawa. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya fita. Dubun dubatar mutane suka bar gidaje da rumfuna, cikinsu har da waɗanda aka haifa a zango ba su san wata ƙasa ba. A 1977 hukumomin Togo suka rushe tsohon zangon Lome da ke tsakiyar gari, aka mai da jama'arsa can arewa, bayan gari. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 2. Daga 1984 zuwa 1986 Nijeriya ta rufe iyakokinta a daidai lokacin fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El Buhari. Nijar ma ba ta kuɓuta daga wannan hali ba, domin a ƙarshen 1963 ta kori ƴan Dahome a kan rikicin tsibirin Lete.

Kodibuwa ta fi kowa buɗe ƙofa a zamanin Houphouët-Boigny, har ƙidayar 1998 ta nuna kashi 26 cikin 100 na mazauna ƙasar baƙi ne. Amma da farashin koko ya faɗi sai fuska ta sauya. A 1990 aka kafa katin zama na baƙi, wanda ya zama hanyar tatsar talaka a kowane shingen ƴan sanda, ba a soke shi ga ƴan ƙasashen CEDEAO ba sai a 2007. A shekarun 1990 kuma aka shigo da aƙidar ivoirité, mai tambayar wane ne ɗan ƙasa na asali. A 2011 musiba ta zo ta fuska biyu: rikicin zaɓen Kodibuwa da yaƙin Libiya suka koro ƴan biɗa gida a shekara ɗaya, kuma gundumomin Gure da Tanut suna cikin waɗanda suka karɓi masu komowa daga Libiya da yawa. Gidan da ya saba karɓar saƙo sai ya wayi gari da ƙarin bakunan ciyarwa.

Idan aka jera waɗannan shekaru, abu ɗaya ke fitowa fili. Ba a korar baƙo lokacin wadata. Ana tuna cewa baƙo ne ranar da kasuwa ta mutu ko zaɓe ya ƙarato. Kuma wanda ya fi shan wuya kullum shi ne wanda ba shi da takarda, ko da ya shekara arba'in a gari. Amanar da ta ishi fatake a zamanin ayari ba ta isar jikokinsu a gaban jami'in iyaka.

Abin da aka bari can, da abin da aka kawo gida

Duk da kora da rushe-rushe, sawun ƴan arewa ya zauna daram a bakin teku, kuma a cikin kwano aka fi ganinsa. Waakye na Gana daga wake ne, tuo zaafi tuwon zafi ne, koko da ƙosai suna nan da sunayensu. A Ikko ana kiran mai shayi da mai ruwa da Hausa. A Abijan mai sayar da kofi a bakin titi sunansa aboki. Abincin da ya fi kowane farin jini wurin ɗalibai da leburorin birnin, wato attiéké na rogo da soyayyen kifin tuna, sunansa garba, kuma mutanen Abijan da kansu suna danganta sunan ga ƴan Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi. Mutumin da ya taso inda babu rogon kurmi babu kifin teku, shi ya haɗa su ya ciyar da masu su.

A gida kuwa, kuɗin biɗa sun biya lanho, sun sayi hatsi a shekarun fari, sun yi sadaki, sun rufa ɗakuna da kwano, sun kai tsofaffi Makka. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Akwai gonakin da rairayi ya cinye saboda babu hannun da zai kafa shinge, akwai matan da suka yi shekaru suna jiran wasiƙa, akwai yaran da aka cire daga aji tun ba su iya rubuta sunansu ba domin wansu ya aiko a turo su. Malaman makarantun karkara sun san wannan lissafi fiye da kowa, don su ke kiran suna kowace safiya.

Kammalawa

Ƙungiyar CEDEAO, wadda aka kafa a 1975, ta amince a 1979 cewa ɗan kowace ƙasa cikinta yana iya shiga sauran ba tare da biza ba. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata. A lokacin, CEDEAO ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku da barin su zirga-zirga har sai an yanke wata shawara. Ma'anar wannan ita ce, abin da yarjejeniya ta ba mai gadin Basam da mahaucin Agege a matsayin haƙƙi ya koma abin da gwamnatoci za su tattauna a kansa.

Shawarar tafiya ba a hannun malami ko ƙungiyar al'adu take ba, damina da kasuwa ke yanke ta. Amma akwai abin da ke hannunsu. Takardar haihuwa da ake yi wa yaro a Bune ita ce za ta tsaya masa wata rana a Lome ko Abijan. Karatun da ya samu kafin ya tafi shi zai hana a sa shi dangwala yatsa a kan abin da bai fahimta ba. Sannan akwai tsofaffin da suka ga korar 1969 da ta 1983 da idonsu, suna zaune yau a ƙofar gidajensu a Gure da Bune da Guidiguir, kuma kowace shekara adadinsu raguwa yake. Abin da suka sani game da hanyoyi da masu gida da farashin kanwa a Nguru ba ya cikin kundin kowace gwamnati. Ɗalibi ɗaya da littafin rubutu ya isa ya fara ɗaukarsa.